Siffa ce aikin furotin, kuma ruwa ne ke naɗa siffar

Abin da ya fi damuna game da yadda ake koyar da darasin furotin shi ne an mayar da shi hadda zalla. A ba ɗalibi sunayen amino asid guda 20, wato tubalan da ake gina furotin da su, ya haddace, ya zana su ranar jarrabawa, bayan sati biyu ya manta, har ya gama makarantar bai san dalilin da ya sa aka wahalar da shi ba. Alhali wallahi abin da ke ƙarƙashin waɗannan sunayen yana cikin abubuwa mafi ban mamaki a duk ilimin halittu, kuma in ka kama bakin zaren sau ɗaya to haddar ma da kanta take zuwa. Bakin zaren kuwa gajere ne. Jerin amino asid shi ke yanke siffar furotin, siffar ita ke yanke aikinsa, sannan abin da ke tsakiya yana tura komai shi ne ruwa, wato waye ke son ruwa waye ke gudunsa. Toh bari mu fara daga gidan da abin yake faruwa.

Gidan shi ne ƙwayar halitta, wadda a aji ake cewa sel. A 1665 ne Robert Hooke a Ingila ya yanko ɓawon wata bishiya siriri ya saka a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ya ga ƙananan ramuka jere kamar ɗakuna, ya sa musu suna da kalmar Latin mai nufin ƙaramin ɗaki. Abin da ya gani ma matattun bango ne kawai, masu ɗakin sun daɗe da bushewa. Wanda ya fara ganin masu rai suna motsi shi ne Antonie van Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, a shekarun 1670, da gilasan da yake gogewa da hannunsa. Sai da aka yi fiye da shekara 150 kafin Schleiden a 1838 da Schwann a 1839 su ce ai tsiro da dabba duk da waɗannan ɗakunan aka gina su, sannan Rudolf Virchow a 1855 ya ƙara da cewa babu sel ɗin da ke faɗowa daga sama, kowanne daga wani sel ya fito.

Jikin baligi ɗaya yana ɗauke da sel wajen tiriliyan 30, kuma in ƙidaya ake yi ba nauyi ba, mafi yawansu jajayen ƙwayoyin jini ne, kowace faɗinta maikuromita 7 zuwa 8, maikuromita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ka riƙe wannan jar ƙwayar a ranka, za mu dawo kanta.

Kowane sel yana da fata da ta kewaye shi, kuma a nan ne darasin ruwa ke fara bayyana. An yi fatar da wani irin maiƙo da ake kira fosfolifid, shi wannan abu yana da kai ɗaya mai son ruwa da jela biyu masu gudun ruwa. In ka zuba su da yawa a ruwa ba sai wani ya jera su ba, da kansu suke yin sahu biyu, jela tana fuskantar jela a tsakiya inda ruwa ba ya kaiwa, kawuna kuma suna waje da ciki suna taɓa ruwa. Irin abin da kowa ya sani ne na mai da ruwa, duk yadda ka girgiza su sai sun rabu. Amma fatar maiƙo kaɗai ba za ta raya sel ba, dan gishiri da sukari ba sa iya ratsa ta. Dole a yi ƙofofi da famfuna, kuma waɗannan ƙofofin duk furotin ne. Akwai famfo guda da Jens Skou ya gano a Denmak a 1957, aikinsa dare da rana shi ne ya fitar da sodiyam 3 waje ya shigo da fotasiyam 2 ciki, kuma wannan bambancin da yake ginawa shi ne batirin da jijiyoyin saƙo ke amfani da shi, ba dan shi ba da ko ƙifta ido ba za ka yi ba.

Cikin sel ɗin ba zan daɗe ba dan littafi ya riga ya cika ku da zane. Akwai nukiliyas inda aka ajiye DNA, akwai raibosom masu haɗa furotin, akwai wani lulluɓi mai lanƙwashe-lanƙwashe inda ake gyara sababbin furotin, daga nan su wuce sashen Golgi, wanda aka sa wa sunan Camillo Golgi ɗan Italiya da ya bayyana shi a 1898, can ake tantancewa a tura kowa inda zai yi aiki. Laisosom shi ne wurin rushe tsofaffin kaya. Maitokondiriya kuma ita ke ƙona abin da muka ci ta samar da ATP, kuɗin da sel ke kashewa a kowane aiki, kuma tana da nata ɗan DNA daban mai ɗauke da jin 37, jin kuwa shi ne sashen DNA mai ɗauke da umarni guda, kuma ta wajen uwa ake gadonsa. Abin da nake so ka lura da shi kawai shi ne, duk sashen da na lissafa ko dai yana ƙera furotin, ko yana jigilarsa, ko yana rushe shi, kuma ma'aikatan da ke yin hakan su kansu yawanci furotin ne. DNA takarda ce a ajiye, ba ta ɗaga komai ba ta sauke komai. Masu aikin su ne furotin. Shi ya sa sunan da Mulder ya fara amfani da shi a 1838 bisa shawarar Berzelius ya dace, daga kalmar Girkanci ce mai nufin na farko ko na sahun gaba.

Yanzu ga amino asid ɗin. Duk guda 20 ɗin tsarinsu ɗaya ne a gindi: kabon ɗaya a tsakiya mai hannu huɗu. Hannu na farko yana riƙe da rukunin amino mai naiturojin, na biyu yana riƙe da rukunin asid wanda ake kira kaboksil, daga nan ma sunan ya fito, na uku haidurojin ne guda ɗaya, na huɗu kuma shi ne wanda a littafi ake rubuta R a wurinsa, ni ina kiransa reshe. Hannu uku na farko iri ɗaya ne a wurin kowa. Reshen nan kaɗai ya bambanta, kuma duk halin amino asid a nan yake. Dan haka in za ka yi karatu kar ka ɓata lokaci kana zana gindin sau 20, ka tambayi reshen tambaya ɗaya, yaya kake da ruwa.

Wasu rassan kabon da haidurojin ne zalla, kamar mai suke, ba sa shiri da ruwa, irin su balin, lusin, aisolusin da fenilalanin. Wasu suna ɗauke da caji, gulutamik asid da asfatik asid nasu na ragi ne, laisin da ajinin nasu na ƙari ne, waɗannan ruwa yana rungumarsu kuma suna jan juna kamar maganaɗisu. Wasu ba su da caji amma suna ma'amala da ruwa lafiya lau, kamar serin da tiriyonin da asfarajin. Sai kuma 'yan ukun nan da nake ganin ya kamata a ba su darasi na musamman. Gilaisin reshensa haidurojin ɗaya ne tak, shi ne ƙarami a cikinsu, dan haka yana shiga lungun da babu mai iya shiga kuma yana ba sarƙa damar lanƙwasawa. Furolin reshensa ya zagayo ya kama naiturojin ɗin kansa ya yi zobe, sai ya zama mai taurin kai, inda duk ya zauna yakan karya murɗi ko ya tilasta kwana. Sistin kuma yana da salfa, in biyu suka haɗu sai su ƙulle da juna da ƙulli mai ƙarfi, irin wannan ƙullin ne ya cika gashi da farce, shi ya sa suke da tauri haka.

An ɗauki lokaci kafin a gama gano su, asfarajin ne na farko a 1806 a Faransa, tiriyonin ne na ƙarshe cikin 20 ɗin a tsakiyar shekarun 1930 a hannun William Rose a Amurka. Daga baya an samu ƙarin biyu da ba kasafai ake ganinsu ba, ɗaya daga ciki mai ɗauke da seleniyam har a jikinmu akwai shi. Cikin 20 ɗin jikin mutum yana iya ƙera 11 da kansa, 9 kuwa dole sai daga abinci: histidin, aisolusin, lusin, laisin, metiyonin, fenilalanin, tiriyonin, tiriftofan da balin. Kuma raibosom ba ya yin maneji, in ya zo wurin laisin babu laisin ba zai cusa wani a madadinsa ba, aikin ne zai tsaya cik.

Haɗa su sarƙa abu ne mai sauƙin faɗa. Kaboksil na wannan ya kama amino na wancan, ƙwayar ruwa ɗaya ta fita, shikenan an yi ƙullin da ake kira feftaid, haka za a yi ta yi har sarƙa ta kai ɗari ko dubu. Insulin yana da 51, a sarƙa biyu, ɗaya 21 ɗaya 30. Taitin da ke cikin tsoka ya haura 30,000. Yi wannan lissafin ka gani: in sarƙa tana da gurbi 100 kuma kowane gurbi yana iya ɗaukar ɗaya cikin 20, adadin jerin da za a iya yi shi ne 20 a ninka da kansa sau 100, lamba ce mai sifili wajen 130, alhali ƙiyasin duk atom ɗin da ke sararin da muke iya hangowa lamba ce mai sifili wajen 80. A da masana da yawa ba su ma tabbatar cewa kowane furotin yana da jeri guda tsayayye ba, har sai da Frederick Sanger a Cambridge ya shafe kusan shekara goma yana gutsuttsura insulin yana karanta gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, ya kammala a 1955, aka ga lallai jeri ne ƙayyadadde ba cakuɗe ba. Ya karɓi kyautar Nobel a 1958, ya sake karɓa a 1980 kan hanyar karanta DNA.

Toh waye ke faɗa wa raibosom jerin? DNA tana da haruffa huɗu, A da T da G da C. Ana kwafe sashen da ake buƙata zuwa wata takardar aike da ake kira mRNA, inda U ke maye gurbin T, sai raibosom ya riƙa karantawa uku-uku. Haruffa huɗu a jera uku-uku suna ba da kalmomi 64, 61 na amino asid ne, 3 kuma alamar tsayawa ce, AUG ita ce alamar farawa kuma ita ce ta metiyonin. Kalmar farko da aka fassara ita ce UUU, Nirenberg da Matthaei a 1961 suka zuba wa raibosom saƙon da babu komai cikinsa sai U, ya fito musu da sarƙar fenilalanin zalla. Tunda kalmomi sun fi amino asid yawa, da yawansu suna da kalma fiye da ɗaya, lusin ma shida gare shi, wannan ya sa kuskure da yawa a DNA ke wucewa ba tare da ya sauya komai ba. Wani abin da ya kamata kowa ya sani, raibosom ɗin bakteriya ya ɗan bambanta da namu, kuma wannan ɗan bambancin ne magunguna irin su tetrasaikilin da eritiromaisin ke kamawa, su toshe nasu su bar namu.

Nan ne aka zo gaɓar da nake cewa ita ce zuciyar maganar. Sarƙar da ta fito daga raibosom igiya ce doguwa mara amfani, kamar zaren da ba a saƙa ba. Sai ta naɗe kanta ta zama wata siffa takamaimai kafin ta yi aiki. Linus Pauling da Robert Corey a 1951 suka bayyana naɗi biyu da ke yawan maimaituwa, ɗaya murɗi ne kamar sufurin, amino asid 3.6 a kowane zagaye, ɗayan kuma shimfiɗa ce inda sassan sarƙa ke kwanciya gefe da gefe, duka biyun raunanan ƙulle-ƙullen haidurojin ne ke riƙe su. Waɗannan sai su sake naɗuwa a kan juna su dunƙule. Me ke tura dunƙulewar? Ruwa. Sel cike yake da ruwa, rassa masu gudun ruwa sai su ruga tsakiya su ɓuya a jikin juna, masu caji da masu son ruwa su tsaya a waje suna fuskantarsa. Daidai abin da fosfolifid suka yi a fatar sel, doka ɗaya ce a wuri biyu. Furotin da ke zaune a cikin fatar sel kuma sai ya juya rigar, sashensa da ke cikin maiƙo masu gudun ruwa ne a waje.

Christian Anfinsen a Amurka ya yi gwajin da nake ganin duk ɗalibi ya kamata ya iya ba da labarinsa. Ya ɗauki wani enzayim, wato furotin mai gaggauta aikin sinadarai, mai amino asid 124 da ƙullin salfa huɗu, ya zuba masa sinadaran da suka warware shi ya koma igiya, aikinsa ya mutu. Da ya cire sinadaran a hankali sai igiyar ta sake naɗe kanta daidai yadda take a da, aikin ya dawo, babu sel babu mai taimako. Ma'ana bayanin siffar yana cikin jerin tun asali. Wannan ya ba shi Nobel a 1972. Amma Cyrus Levinthal a ƙarshen shekarun 1960 ya tayar da tambayar da ta daɗe tana cin masana: in sarƙa za ta gwada duk siffofin da za ta iya ɗauka ɗaya bayan ɗaya, za ta ɗauki lokacin da ya fi shekarun duniya, amma ga shi ƙananan furotin suna naɗewa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Amsar da aka fi yarda da ita yanzu ita ce ba lalube take yi ba, gangarowa take yi kamar ruwa a kan tudu, kowane ɗan naɗi da ya yi daidai yana rage hanyoyin da suka saura. Kuma a cikin sel akwai cunkoso sosai, dan haka akwai wasu furotin 'yan rakiya da aikinsu shi ne su kare sabuwar sarƙa kar ta manne da maƙwabta kafin ta gama shiri.

Tunda raunanan ƙulle-ƙulle ne ke riƙe siffar, zafi ko tsami suna iya warware ta. Jikinmu yana zaune a wajen digiri 37, jini kuma tsaminsa yana tsakanin 7.35 da 7.45 a ma'aunin pH, tazara ce 'yar siririya kuma jiki yana kashe ƙarfi sosai wajen tsare ta saboda enzayim. Su enzayim furotin ne masu gaggauta haɗuwa ko rabuwar sinadarai, kowanne yana da wani ɗan rami a jikinsa da ya dace da abu guda, kuma ramin nan amino asid ne da suke nesa da juna a jeri, naɗi ne ya kawo su wuri ɗaya. In naɗin ya warware ramin ya tafi. James Sumner ne a 1926 ya fara nuna cewa enzayim furotin ne, manyan masana na lokacin suka ƙi yarda na tsawon shekaru, sai 1946 ya samu Nobel. Saurinsu kuwa ya wuce hankali, wanda ke cikin jan jini yana sarrafa iskar kabon dayoksaid yana iya juya ƙwaya wajen miliyan ɗaya a daƙiƙa ɗaya.

Yanzu mu dawo kan jar ƙwayar jinin nan. Ita da ta girma ba ta da nukiliyas ba ta da maitokondiriya, ta zubar da su ta cika cikinta da himogulobin, wajen miliyan 270 a ƙwaya ɗaya. Himogulobin sarƙa huɗu ne a haɗe, alfa biyu masu 141 kowace, beta biyu masu 146 kowace, kowace sarƙa tana rungume da ƙarfe ɗaya da ke kama oksijin. Max Perutz ya shafe fiye da shekara 20 a Cambridge kafin ya ga siffarsa. Abin sha'awar shi ne ba ƙafaffen abu ba ne, in oksijin ya kama sarƙa ɗaya sai dukkan huɗun su ɗan motsa, saura su ƙara saurin kamawa, in ya fara saki kuma su koma wata siffar su ƙara saurin saki. Wato siffa biyu gare shi, ta mai ɗauke da kaya da ta wanda ya sauke.

A 1910 wani likita a Shikago mai suna James Herrick ya wallafa bayanin wani ɗalibi da ƙwayoyin jininsa suka lanƙwashe kamar lauje. A 1949 Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himogulobin ɗin masu wannan ciwo yana tafiya daban a cikin lantarki, wato cajinsa ya bambanta, suka kira shi ciwon da tushensa ke cikin ƙwayar sinadari ɗaya. Sai Vernon Ingram a 1956 da 1957 ya gano ainihin wurin. A sarƙar beta, gurbi na 6 cikin 146, inda ya kamata a samu gulutamik asid an samu balin. A DNA kuma harafi ɗaya ne, GAG ya koma GTG. Shikenan duk abin da ya bambanta. Wannan ita ce sikila.

Wanda ya haddace suna kawai zai ce to sai me, an cire ɗaya an sa ɗaya. Wanda ya san halin rassa kuwa nan take zai riƙe baki. Gulutamik asid mai caji ne, ruwa na sonsa, wurin zamansa waje. Balin mai gudun ruwa ne, wurinsa ciki, ga shi an ajiye shi a fili a bayan furotin inda ruwa ya kewaye shi, dan haka neman mafaka yake yi. Lokacin da himogulobin ke ɗauke da oksijin babu inda zai ɓuya, lafiya lau. Amma da zarar ya sauke ya koma siffa ta biyu, akwai wani ɗan aljihu mai maiƙo a sarƙar beta, wanda fenilalanin na 85 da lusin na 88 suka yi, sai balin na wannan himogulobin ya faɗa aljihun na maƙwabcinsa, na maƙwabcin ya faɗa na gaba, haka haka har su yi dogayen sanduna masu tauri a cikin ƙwayar, su tokare fatarta su lanƙwasa ta. Ƙwayar da ya kamata ta zama mai laushi ta matse ta wuce ta cikin siraran hanyoyin jini sai ta zama busasshiya mai maƙalewa. Ta toshe hanya, naman da ke gaba ya rasa oksijin, daga nan ne wannan azababben ciwon ƙashi ke tasowa. Sannan lafiyayyar ƙwaya tana yin wajen kwana 120, mai lauje kuwa kwana 10 zuwa 20 ta fashe, ɓargo ba ya iya cike gurbin da sauri, ga ƙarancin jini, ga idanu suna yin rawaya saboda yawan rushewar himogulobin.

Kaga daga wannan bayanin kaɗai za ka gane shawarwarin da likitoci ke bai wa masu ciwon ba tare da an haddace maka ba. Me ya sa rashin shan ruwa ke tayar da shi, saboda ƙwaya in ta rasa ruwa himogulobin ya ƙara cunkushewa, haɗuwa ta yi sauƙi. Me ya sa zazzaɓi ko wurin da oksijin ya yi ƙaranci ke tayar da shi, saboda ana ƙara yawan masu siffa ta biyu. Me ya sa mai AS yawanci yake lafiya, saboda fiye da rabin himogulobin ɗinsa na A ne, suna shiga tsakani su katse sandar kafin ta yi tsawo. Me ya sa jariri mai SS ba ya nuna alama a watannin farko, saboda yana amfani da himogulobin ɗin da ya taho da shi daga cikin uwa wanda ke da sarƙar gama a madadin beta, babu balin ɗin a can, sai bayan wajen wata shida da aka juya zuwa beta matsala ke fara fitowa. Maganin haidiroksiyuriya ma babban aikinsa kenan, ya ƙara yawan wancan himogulobin na jarirai. Dalilin da ya sa wannan gadon ya yawaita a Afirka da Indiya da Gabas ta Tsakiya da wasu sassan Bahar Rum kuwa, Anthony Allison ya nuna shi a 1954 a Gabashin Afirka, mai kwafi ɗaya yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani.

Akwai wani abu a nan da ke gyara maganata ta farko, kuma ina so in faɗe shi da gaskiya. Na ce siffa ce aiki, amma in ka ajiye himogulobin S guda ɗaya kusa da A guda ɗaya, naɗinsu kusan iri ɗaya ne, kuma S yana ɗaukar oksijin. Abin da ya sauya ɗan tabo ne a saman fata. Dan haka siffa ba zanen waje kaɗai ba ce, ta haɗa da inda caji yake, inda maiƙo yake, da yadda furotin ke motsi da wanda yake taɓawa. Hujja mai kyau ita ce himogulobin C, a wannan gurbi na 6 ɗin dai, amma laisin ne ya shiga maimakon balin. Laisin mai caji ne, ba ya neman aljihu, dan haka babu dogayen sanduna, ciwon CC ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Gurbi ɗaya, baƙi biyu, sakamako daban.

Irin wannan mannewar ba a jini kaɗai take ba. A ciwon Alzheimer ana samun gutsattsarin furotin da suka taru suka yi dunƙule a ƙwaƙwalwa, ko da yake har yanzu masana na muhawara kan girman rawar da suke takawa. Firiyon ya fi ban tsoro, furotin ne mai jeri daidai amma naɗi karkatacce, in ya taɓa lafiyayyen ɗan'uwansa sai ya karkatar da shi, ciwo mai yaɗuwa babu DNA babu komai, Stanley Prusiner ya sha suka kan wannan ra'ayi kafin ya karɓi Nobel a 1997.

Shekara da shekaru babban burin fannin shi ne a ba kwamfuta jeri ta faɗi siffa. A 2020 manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind ta yi abin da ya girgiza masana a gasar hasashen siffa, zuwa 2022 an fitar da hasashen furotin sama da miliyan 200 kyauta, a 2024 Demis Hassabis da John Jumper na DeepMind suka raba Nobel da David Baker wanda shi kuma sababbin furotin yake ƙerawa daga tushe. Ci gaba ne babba ba na wasa ba, amma ina ganin ana zuzuta shi fiye da kima in aka ce an gama. Manhajar tana ba ka hoto a tsaye, furotin kuwa motsi yake yi, sannan akwai da yawa a jikinmu da ke da sassan da ba su da tsayayyar siffa sam sai sun gamu da abokin aiki. Sauyin harafi ɗaya irin na sikila ma yana cikin abubuwan da hoton kaɗai ba zai nuna maka illarsu ba.

A ƙarshen 2023 Birtaniya sannan Amurka suka amince da Casgevy, magani na farko da ke amfani da almakashin yanka DNA da ake kira CRISPR, kuma sikila na cikin cututtukan da aka fara da su. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su je gurbi na 6 sun cire balin ba. Ana ciro sel ɗin ɓargon mara lafiya ne, a lalata makunnin wani jin mai suna BCL11A wanda aikinsa shi ne kashe himogulobin ɗin jarirai bayan haihuwa, a ba mutum magani mai ƙarfi da zai share tsohon ɓargon, sannan a mayar masa da gyararrun sel ɗin. Sai jikinsa ya koma ƙera sarƙar gama kamar lokacin da yake cikin uwa, ita kuma ta shiga tsakanin masu balin ta hana su jeruwa. Hanya ce mai wahala, tana buƙatar doguwar jinya a asibiti na musamman, tsadarta kuma ta sa mafi yawan masu ciwon a duniya ba su kai gare ta ba tukuna.